Kafin a Janyo Ruwan Kwango, Wa Ya Ƙirga Tsibiran Tafkin Chadi?

An sake tado da zancen janyo ruwa daga yankin kogin Kwango zuwa Tafkin Chadi. Duk taron sauyin yanayi da za a yi, a Abuja ne ko a waje, sai wani babba ya miƙe ya karanto mana jimlar nan da kowa ya haddace: tafkin ya ƙafe da kashi 90 cikin ɗari, don haka a kawo kuɗi a haƙa magudana. Ko a makon nan na ji ta a bakin wani jami'i a rediyo a nan Gombe, yana faɗinta da ƙarfin gwiwa sai ka rantse jiya ya dawo daga Baga. Abin haushin shi ne, a 2022 da 2024 mazauna tsibiran tafkin kukan ambaliya suka yi, ruwa ya ci gonakinsu da bukkokinsu, masu jawabi kuwa suna can suna yi wa tafkin ta'aziyya.

Lissafin kashi 90 ɗin yana da asali. A 1963 faɗin tafkin ya kai murabba'in kilomita 25,000. Farin 1972 zuwa 1973 ya raba shi biyu, kwarin arewa da na kudu, farin 1984 kuma ya kusa ƙarasa shi. Hotunan hukumar NASA ta Amurka da suka yaɗu a 2001 su suka kafa wannan adadi a zukatan mutane, marigayi Shugaba Buhari kuma ya yi ta maimaita shi a tarukan duniya. Amma labarin bai tsaya a 1984 ba. Wani bincike da aka wallafa a mujallar Scientific Reports a 2020, wanda ya bi bayanan tauraron ɗan'adam na kusan shekara ashirin, ya nuna tafkin ya daina ja da baya, kwarin kudu ya tsaya da ƙafarsa, ruwan ƙarƙashin ƙasa ma ƙaruwa yake yi. Wani ɓangare na ruɗanin daga ciyawa ya fito. Ruwa mai yawa yana kwance a ƙarƙashin kacalla da sauran tsirran fadama, hoton sama kuwa kore yake gani ya lissafa shi a tudu.

Tafkin Chadi ba shi da zurfi. Kamar ruwa ne a faranti, ka ɗan karkata shi kaɗan sai ya koma gefe guda. Kusan kashi 90 na ruwan da ke shigarsa daga kogunan Chari da Logone yake zuwa, rana kuma tana shanye kimanin mita 2 a kowace shekara. In damina ta yi kyau a kudancin Chadi da Afirka ta Tsakiya, gaɓa sai ta matso da kilomitoci masu yawa, in ta yi gardama ta ja baya. Tsibiran nan da mutanen yankin ke kira tumbu, irin su Tumbun Gini da Tumbun Rago, da yawansu tsofaffin tuddan yashi ne da ruwa ya kewaye. Ruwa ya hau, ƙananan su nutse, manyan su yanke daga tudu. Ruwa ya sauka, su haɗe da juna, gindin tafkin ya zama gonar masara da wake da makiyaya. Buduma, ƙabilar da ke zaune a tsibiran tafkin, sun san wannan tun kaka da kakanni, shi ya sa mutum ɗaya a cikinsu masunci ne, manomi ne, kuma makiyayin shanun Kuri masu manyan ƙahoni da ke iyo daga tsibiri zuwa tsibiri. Turawan Faransa da suka auna tafkin a farkon ƙarni na 20 ma sun tarar da ɓangaren arewa a bushe, daga baya ya sake cika.

Wannan hawa da saukar ta sha jefa Najeriya cikin rigima. A 1983 sojojin Chadi da namu sun gwabza a kan tsibiran da janyewar ruwa ta fito da su, Buhari ne ma kwamandan runduna ta uku a Jos a lokacin. Masuntanmu sun bi ruwa har suka kafa Darak da ƙauyukan da ke kewaye da ita, muka kai musu makaranta da 'yan sanda, sai Kotun Duniya ta yanke hukunci ranar 10 ga Oktoba 2002 cewa ƙasar Kamaru ce. Kowa Bakassi yake tunawa, an manta da Darak. Yau kuma a cikin tumbunan nan ƙungiyar ISWAP, wadda ta ɓalle daga Boko Haram, ke fakewa tana karɓar haraji a hannun masunta, kuma ko a Oktoban 2024 an kashe sojojin Chadi kusan 40 a tsibirin Barkaram. Iyaka, tsaro, abinci, duk sun rataya a kan tambaya ɗaya: wane tsibiri ne yake sama bana, wanne ya nutse, wace hanyar ruwa ciyawa ta toshe. Ina ofishin da mutum zai shiga a Najeriya a ba shi amsar wannan tambaya shekara bi shekara?

Wasu ƙasashe tsibiri ɗaya suka samu suka mai da shi makaranta. Lokacin da aka datse kogin Chagres don gina mashigin ruwan Panama, ruwa ya kewaye wani tudu ya zama tsibirin Barro Colorado. An keɓe shi don bincike a 1923, cibiyar bincike ta Smithsonian ta Amurka ta karɓi ragamarsa a 1946, kuma tun farkon shekarun 1980 ake ƙirga kowace bishiya a wani fili mai hekta 50, ana sake aunawa bayan 'yan shekaru. A Aisland dutse mai aman wuta ya fito da tsibirin Surtsey daga teku a 1963, gwamnati ta hana kowa taka shi sai masu bincike, don a ga yadda tsiro da tsuntsu ke fara zama a ƙasar da ba ta taɓa ganin rai ba. A Benezuwela, da ruwan madatsar Guri ya cika a 1986 ya bar ɗaruruwan tsibirai, masana suka bi su suka ga abin da ke faruwa in namun dawa masu farauta suka ɓace: birai da tururuwa masu yankan ganye suka yi yawa fiye da kima, ƙananan bishiyoyi suka kasa tashi. Su sai da madatsa ko aman wuta ta yi musu tsibiri. Mu Allah ya ba mu tafkin da ke haifar tsibirai yana haɗiye su kusan kowace shekara, abin da muka iya yi da shi shi ne jawabi.

Kada wani ya ce me ya haɗa Bauchi da Gombe da tsibiri. Daga irin wannan bincike ne masana halittu biyu, MacArthur da Wilson, suka fitar da ƙa'idarsu a 1967, cewa gwargwadon ƙanƙantar tsibiri da nisansa daga sauran ƙasa, gwargwadon ƙarancin nau'in halittun da zai iya riƙewa. Masu kula da gandun daji a duniya da wannan ƙa'ida suke aiki. Yankari, mai faɗin murabba'in kilomita 2,244, gonaki da garuruwa sun kewaye shi ta ko'ina, giwayensa ba su da hanyar haɗuwa da wani garke, in sun leƙo waje kuma a gonar mutane suke samun kansu. Duk abin da aka gano a Guri ya shafi Yankari. Kogin Jama'are kuma, da ya ratsa Bauchi, shi ke haɗuwa da na Haɗeja su zama Komadugu Yobe, wanda ke zuba a kwarin arewa na tafkin. Bandar da ake sayarwa a kasuwanninmu daga can take zuwa, 'yan gudun hijirar da muka karɓa daga Kukawa da Marte ma daga can suka taso.

Muna da cibiyoyi a takarda. Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri, wadda aka kafa a 1975, aikinta ya fi karkata ga irin alkama da gero da sha'ir. Kwalejin kiwon kifi ta tarayya da ke Baga rikici ya tarwatsa harkokinta. Mafi yawan abin da duniya ta sani game da kifin tafkin, har da yadda tarwaɗa da karfasa suka mamaye shi bayan fari, masanan Faransa ne suka tattara shi a shekarun 1960 da 1970. Binciken 2020 ɗin da na ambata ma su ne a gaba. Ɗalibinmu na ATBU ko Kashere ko Jami'ar Jihar Gombe in zai rubuta wani abu a kan tafkin da ke shiyyarsa, sai ya nemi wanda zai fassara masa Faransanci.

Mun taɓa ɗanɗana gini ba tare da sanin halin tafkin ba. A shekarun 1970 aka kafa shirin noman rani na Kudancin Tafkin Chadi a yankin Marte da ke jihar Borno, da niyyar shayar da sama da hekta 60,000, aka haƙa magudanai bisa zaton ruwa zai tsaya inda aka gan shi. Ruwa ya ja baya ya bar magudanan a bushe. Yanzu irin wannan tunani ne ya dawo da babbar riga. Shirin Transaqua, wanda kamfanin Bonifica na Italiya ya zana, taron Abuja na Fabrairun 2018 kuma ya rungume shi, magudana ce mai tsawon kilomita 2,400, da kuɗin da ake ƙiyasta wa dala biliyan 50. 'Yan siyasar Kinshasa, babban birnin Kwango, sun daɗe da cewa ba da ruwansu ba. Ko da sun yarda, wa ya lissafa tsibirai nawa za su nutse, gonakin gindin tafki nawa za su tafi, shanun Buduma ina za su yi kiwo? Masu shirin suna cewa cika tafkin zai kawo ƙarshen Boko Haram, kamar ƙishirwa ce ta sa Shekau ɗaukar bindiga. Haka nan masu neman a ƙarasa madatsar Kafin Zaki da ke kan kogin Jama'are suke lissafa hektocin Bauchi, su yi shiru a kan fadamar Haɗeja da Nguru da abin da zai rage ya isa tafkin.

Za a ce babu tsaro, wa zai shiga tumbu da littafi da biro. Masunta suna shiga kullum, kuma su suka fi kowa sanin inda ruwa ya kai bana, babu dai mai tambayarsu ya rubuta. Hotunan taurarin ɗan'adam na Landsat da Sentinel kyauta ake sauke su a intanet, kwamfuta da wutar lantarki kawai suke buƙata. Ɓangaren Bol a Chadi da wasu sassan Kamaru ana aiki a cikinsu, kuma Hukumar Tafkin Chadi da muka kafa tare da su tun 1964 don irin wannan aka yi ta. Asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund da Hukumar Raya Arewa maso Gabas su ware wani abu, jami'o'in shiyyar su haɗa kai da ta Maiduguri, a kafa ma'aunan ruwa daga Jama'are har Malam Fatori, a riƙa fitar da taswirar tsibiran kowace shekara cikin Hausa da Kanuri da Turanci. Kuɗin bai kai na otal da tikitin jirgin tawagar da muke turawa taron sauyin yanayi guda ɗaya ba.