Kuɗin Gwaggo ne, ku ba ta abinta

Tun jiya da na saka hoton buhunan albasar nan a zube bakin hanyar Pitowa mutane ke ta turo mini saƙo, wai in yi haƙuri, wai doka ce. To ga amsata gaba ɗaya, don ba zan iya bin ku ɗaya bayan ɗaya ba. Abin da aka yi wa Gwaggo, na rufe mata asusun kuɗin waya a nan Garwa, arewacin Kamaru, zalunci ne. Duk mai ce mini doka ce, ya nuna mini dokar da ta ce a riƙe wa mace guminta kwana tara saboda katin da ba ita take buga shi ba.

Kuɗinta ne. Sefa 420,000 na albasar da ta loda zuwa Yawunde. Mutumin da suke hulɗa da shi shekara shida ya sayar, ya turo ranar Asabar da la'asar, saƙo ya shigo wayarta, ni na karanta mata da bakina. Muka je wurin yaron da ke cire kuɗi ƙarƙashin lema a bakin kasuwa. Ya danna, ya sake dannawa, ya ɗago kai ya ce, "Hajiya, an rufe miki, sai kin je ofis." Asabar da yamma wane ofis? Gari na wayewa kuma Lahadi ce, ranar kasuwar Pitowa, duk wanda ke Garwa ya san abin da wannan ke nufi ga mai sarin albasa. Manoma uku ta yi wa alkawari, an riga an ɗinke buhu, mai mota ya karɓi kafin alƙalami. Ta tsaya a rana har azahar tana ba su haƙuri, suna kallonta kamar wadda ta zo da ƙarya. Daga ƙarshe wani mai tsaba a aljihu ya kwashe kayan a gabanta, mai mota ya ja motarsa da abin da ya karɓa. Matar da ta yi shekara ashirin ba wanda ya taɓa binta ko dala a kasuwar nan, ranar na ga ta rufe fuska da mayafi.

Litinin muka je ofishin kamfanin layin. Ba zan kira sunansa ba, don na san duk halinsu ɗaya. Muka bi layi tun ƙarfe takwas, sai wajen sha ɗaya da rabi muka isa gaban gilashi. Yarinyar da ke ciki ta duba kwamfuta ta ce katin shaidar da aka yi rajistar layin da shi ya mutu. Gwaggo ta kwance haɓar zani, ta fito da leda, cikin leda wata leda, ta miƙa takardar wucin gadin da aka ba ta tun lokacin da ta je sabunta katin. Takardar nan ta wata uku ce, amma an yi ta buga mata hatimin ƙarin lokaci har bayanta ya cika, babu sauran wurin da za a saka wani. Yarinyar ta juya ta, ta sake juyawa, ta ce da Faransanci na'ura ba ta karɓa. Na fassara. Gwaggo ta matsa kusa da gilashin ta ce, "'Yata, ni ba bashi na zo nema ba, nawa na zo karɓa." Yarinyar ta sunkuyar da kai. Ban ga laifinta ba, ita ma 'yar aiki ce, abin da aka saka mata a na'ura shi take bi. Amma waɗanda suka saka shi fa?

Kuɗinta ne, jama'a. Ranar da ake karɓar su ba wanda ya ce katinta ya mutu. An buɗe ƙofa kuɗi sun shiga, da aka zo fitar da su sai aka tuna da doka. In layin ba shi da inganci, me ya sa ba a mayar wa mai turowa kuɗinsa nan take ba, ya san dabarar da zai yi? Da ya ba direban motar dare, da Lahadi da safe suna hannunta.

Masu cewa tsaro, na ji ku. Ni ma ɗan arewacin ƙasar nan ne. Na san abin da ya faru da garuruwan Amshide da Fotokol da Kolofata a rikicin Boko Haram tun 2014, na san yadda kasuwar garin Banki na bakin iyakar Najeriya da ke ciyar da rabin yankin nan ta mutu a tsaye, na san masu satar mutane a yankin Tuboro da waya suke kiran dangi su yi ciniki. Shi ya sa aka yi dokar rajistar layi a 2015, ba mu kuma yi gardama ba, muka bi layi muka ba da hoto da kati. To amma ku gaya mini ɗan ta'adda nawa aka kama da rufe asusun tsohuwa mai albasa? Ɓarayin waya da ke kiran mu kullum, su ce sun yi kuskuren turo kuɗi ka mayar musu, ko su ce daga kamfani suke ka faɗi lambar sirrinka, har gobe layukansu na aiki. A satin nan kaɗai sau biyu aka kira ni. Su ba a rufe su ba, sai wadda sunanta da fuskarta da gidanta duk sanannu ne. An bar jaki ana dukan taiki.

Wani kuma ya rubuto wai laifinta ne, me ya hana ta yin sabon kati tunda yanzu an gyara tsarin. Ɗan'uwana, ka taɓa raka wanda bai yi boko ba wajen yin katin nan? Kuɗinsa da yake 2,800 ya koma 10,000. Kafin ka je a ɗauki hotonka sai ka fara cika bayanai ta intanet, ka biya ta waya, a ba ka rana. Ta wace waya za ta biya, wadda aka rufe? Sannan sai takardar haihuwa. Mu nan mun san gidajen da daga kaka har jika ba mai ita, don a gida aka haife su, ungozoma ta yanke cibi, ranar bakwai liman ya raɗa suna, magana ta ƙare. Wanda bai samu takardar da wuri ba sai ya bi ta kotu, da shaidu da kuɗin mota da kwanaki. Wanda yake da ita ma, sau da yawa magatakardan da ya rubuta sunan ba ya jin Hausa ba ya jin Fillanci, ya rubuta yadda kunnensa ya ji, sunan da ke takardar haihuwa daban, na tsohon kati daban, kai ne za ka yi ta yawo kana rantsuwa cewa kai ne kai. Gwaggo ta riga ta biya sau ɗaya, ta ba da yatsa, ta jira shekaru, katin bai fito ba. Ita ta yi nata. Waɗanda ba su yi nasu ba suna zaune lafiya, ita ce albasarta ta tafi.

Kuma ba kyauta ake mata aikin nan ba, shi ne abin da ya fi ƙona mini rai. Tun 1 ga Janairun 2022 gwamnati ke cire kashi 0.2 cikin ɗari a kan duk kuɗin da aka tura ta waya, a kuma sake cire wani 0.2 in an zo cirewa. A kan 420,000 sefa 840 ke nan wajen turowa, wata 840 wajen cirewa, ban da sefa 4 da aka ƙara a kan kowace hulɗa daga 2025, ban da ladan kamfani wanda ya fi wannan duka nesa ba kusa ba. Matar nan a wata sai ta yi irin wannan hulɗa sau shida, sau bakwai. Ga tikitin kasuwa kullum, ga lampo, wato haraji, ga abin da mota ke ajiyewa a kowane shinge daga Garwa har Ngaundere. Kowa na da rabo a cikin albasarta. To kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. In kun iya gane ta ranar karɓa, ku gane ta ranar biya.

Kada wani ya ɗauka ina ƙin kuɗin waya. Wallahi ni shaida ne a kan alherinsa. Ina yaro lokacin zargina, 'yan fashin nan masu tare hanya, na ga yadda Baba ke ɗinke kuɗi a cikin ɗan ciki in zai tafi kasuwar shanu ta Adumri ranar Alhamis, Inna ba ta runtsawa sai ya dawo. An tare mutane a hanya, an kwantar da su a rana, wasu ba su dawo gida ba. Yau mace na zaune a tsakar gidanta a Garwa tana karɓar cinikin Duwala, 'yarta na sayar da turaren wuta da kilishi ta WhatsApp har Njamena. Gwaggo da kanta ta ce mini wayar nan ta fi mata ɗa namiji goma, don ba ta gajiya da aike. Ita ta yarda da su, ta daina ɓoye kuɗi a ƙarƙashin katifa, ta kwashe jarinta kaf ta zuba musu. Wannan amanar ce aka ci. Yanzu ta ce daga yau tsaba kawai, kuma matan da suke adashi tare su goma sha biyu duk sun ji labari, kowace ta je ta kwashe nata. Ku da kuke taro a manyan otal kuna maganar shigar da talaka cikin tsarin kuɗi na zamani, ga yadda ake fitar da shi, mace ɗaya ta ja sha biyu.

Masu cewa ta buɗe asusun banki kuwa, ba zan ɓata lokaci a kanku ba. Katin da aka ce ya mutu shi banki zai fara tambaya.

Abin da nake nema ba shi da wuya. In katin mutum ya kusa mutuwa, a kira shi a gaya masa da harshen da yake ji. Kamfanonin nan sun iya turo mana tallar waƙa da ta caca sau biyar a yini, ba za su kasa naɗar murya ɗaya da Hausa da Fillanci da Larabcin Shuwa ba. Saƙon da suka ce sun turo mata da Faransanci ne, yana nan a tsakiyar tallace-tallace sama da ɗari, ni kaina sai da na yi minti goma kafin na gano shi. In kuma dole sai an rufe, a hana sabon kuɗi shiga, a bar mutum ya kwashe abin da ke ciki. Ya zo da fuskarsa da tsohon katinsa da takardar hukuma, in ana so ya zo da jauro ko lawan na unguwarsu ya tsaya masa. Takardar da hukuma ta buga wa hatimi da hannunta, jandarma ya karɓa a hanya, bai kamata a ce na'urar kamfani ta fi ƙarfinta ba. Kuma a buɗe ofis ko da na rabin yini ranar Asabar da Lahadi, don mu a nan kasuwa ba ta san ƙarshen mako ba.

Kwana tara aka yi kafin a buɗe, shi ma sai da wani abokin karatuna da ke aiki a ciki ya sa baki. Na gode masa, Allah ya saka masa da alheri, amma raina bai yi sanyi ba, don na ga waɗanda muka bari a layin. Akwai wani dattijo da ya zo daga wajen Lagdo, kuɗin kifinsa ne a ciki, kwana uku yana kwana a masallacin tasha. Shi ba shi da abokin karatu. Na tambaye shi, "Baba, ba ka da kowa a gari?" Ya ce, "Ɗana, ina da Allah." Ranar da aka kira lambarsa wuta ta ɗauke, rezo, wato sabis ɗin waya, ya tafi, aka ce kowa ya dawo gobe. Mutumin da ke kwana yana tashi a bakin madatsar da ke ba arewa wuta tun 1982, shi ne rashin wuta ya ƙara wa kwana a tasha. Ban san yadda ya ƙare ba, kuma tun ranar yake raina.

Da muka fito da kuɗin na tsaya saya mata ruwan sanyi, na ba mai shago 500, ya ce ba canji, ya miƙo mini alawa biyu da dunƙulen magi a madadin 75. Wannan ma sai mun yi maganarsa. An ce babban bankin BEAC ya fito da sababbin silalla a 2025, har da ta 200, to suna ina? Mai babur ba shi da canji, mai ƙosai ba ta da canji, yaran da ke tallar ruwa sai su bi ka har bakin gida don 25. Wanda ke Marwa ko Kuseri ya gaya mini ko can suna ganinsu, don mu nan unguwarmu sau biyu tak na riƙe ta 200 ɗin a hannuna.