Wakilin magada ba shi ne mai gida ba

Rikicin gidajen gado da ke kai 'yan uwa gaban alƙali a Kano sau da yawa daga abu ɗaya yake farawa: an danƙa wa babban wa ko baffa takardun gida, sai ya ɗauka amanar ta zama mallaka. Ya kira dillali, a yi ciniki a soro, mai saye ya ajiye kafin alƙalami, ƙanwar da ke aure a Kurna kuwa sai ta zo zumunci ta tarar ana sauke bulo a ƙofar gidan ubanta.

A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke aiki da ita, ana fara fitar da kuɗin jana'iza, sai bashi, sai wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba. Abin da ya saura na magada ne gaba ɗaya, har matar mamaci da tumuninta idan akwai 'ya'ya. Wanda ya sayar da kason wani ba da izininsa ba, cinikin a rataye yake, mai haƙƙi na iya rushe shi. Rabon maraya ya fi tsanani, domin wasiyyi, wato wanda mamaci ya bar wa amanar kula da maraya, ba ya sayar masa da gida sai da dalili mai ƙarfi, kamar biyan bashin mamaci ko ciyar da yaron, kuma ya fi aminci a yi shi da sanin alƙali.

Magada, shirunku yana cutar da ku. Wanda aka yi ciniki a gabansa bai ce uffan ba, ana ɗaukarsa ya yarda. Shuf'a, wato damar karɓe kason da ɗan uwa ya sayar wa bare a kan kuɗin da aka biya, tana faɗuwa idan mutum ya sani ya yi shiru wajen shekara guda. Kunyar babba ta jawo wa mata da yawa asara a nan, kuma abin yana ci mini rai.

Kai kuma mai saye, kada sa hannun mai unguwa ya ishe ka. Nemi takardar rabon gado ta kotu, ka ƙirga magadan ɗaya bayan ɗaya, har 'yan uba da wanda ke zaune a Makka, kowa ya sa hannu ko ya aiko wakilci a rubuce. A yi wa gidan ƙima kafin a yanke farashi. Idan akwai takardar mallaka ta gwamnati, a duba ta a KANGIS, hukumar da ke ajiye bayanan filaye ta Jihar Kano, kuma Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ce sai da amincewar gwamna ake canja mai ita. Ka biya ta banki, kada ka miƙa kuɗi a leda.

Idan rigima ta tashi daga rabon gado ta koma kan waye mai gidan, kuma gidan yana da takardar mallaka ta gwamnati, Babbar Kotu ce ke da hurumi. Wasu sai sun daɗe suna jeka-ka-dawo a kotun shari'ar Musulunci lauya yake tayar da maganar, a koma farko, gidan yana rufe da kwaɗo, damina tana cin katanga.