Masana'antar cif ba rumfar kasuwa ba ce

Wai Intel ta ce ta kusa wadata kasuwa da furosesa, wato ɗan ƙaramin cif ɗin da ke zaman ƙwaƙwalwar kwamfuta? Ni dai sai na gani a ƙasa. Ko a 2019 sai da suka fito suka ba abokan cinikinsu haƙuri kan ƙarancin kaya. Masana'antar cif ba rumfa ba ce da ake kafawa cikin mako guda. Wadda Intel suka sanar a jihar Ohayo ta Amurka tun 2022, sun ɗage buɗe ta zuwa 2030. Injin da ke zana cif mafi ƙanƙanta kuwa, ASML ta ƙasar Holan kaɗai ke ƙera shi, kowa layi yake bi. Malam mai cewa a koma AMD, kishiyar Intel, ai su ba su da masana'anta, TSMC ta Taiwan ke buga musu, kamar yadda take buga wa Apple da Nvidia. Ni gyaran kwamfuta nake a nan Sakkwato. Shekaranjiya wani ɗalibin Ɗanfodiyo ya juya wata Core i5 ta hannu, furosesar Intel, ya ji kuɗinta, ya ajiye ya fita ko sallama babu. In manyan masu harkar AI, wato ƙirƙirarriyar basira, sun kwashe cif na farko, yaushe ragowar za ta iso mana?