Ina gauraka a cikin jerin nan?

Madalla da wannan rahoto da kuka wallafa kan tsuntsaye masu launi. Hotunan ɗawisun Indiya da manyan akun dajin Amazon sun ƙayatar, amma na yi ta duba ko zan ga gauraka, ban gani ba. Tsuntsu mai tukku ruwan zinare a ka, kumatu fari da ja, ga rawar da suke yi bibbiyu suna tsalle da buɗe fukafukai, ai bai kamata a tsallake shi ba.

Dattawanmu sun san shi garke-garke a fadamun Haɗeja zuwa Nguru. Yau sai ka daɗe kana yawo ba ka ji kukansa ba. Tun da aka gina madatsar Tiga da ta Challawa ambaliyar da ke cika fadamun ta ragu, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, ga masu kama shi suna kai wa attajirai ado a tsakar gida.

Haka aka yi wa aku mai jan wutsiya, har a 2016 aka haramta cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe. Don Allah ku aika wakilinku wurin kare tsuntsaye na Dagona a Yobe lokacin hunturu, ya ɗauko mana hoton abin da ya rage.