Kwamanda da cikinsa

Saura kwana tara Layya aka shigo mana gida cikin dare aka kwance ragon da na yi wata biyar ina kiwo. Ko igiyar ba a bar mini ba. Tun daga ranar na ƙudura sai na ajiye kare. Uwargida ta ce ba dai a gidanta ba. Na je na tambayo limamin unguwarmu, ya ce karen gadin dabbobi da na gona da na farauta an yi rangwame a kansu, kuma mu Malikawa ba mu ɗauki kare mai rai najasa ba, sai dai in ya sa baki a kwano a wanke sau bakwai. Na kawo mata fatawa da zafinta. Ita kuwa duk bayanin nan "sau bakwai" kaɗai ta riƙe, ta ce to, Malam, kai ne mai wankin.

Da bazara ta shigo, wata Lahadi na tafi kasuwar Pitowa, kusa da garinmu Garwa a arewacin Kamaru, na samo ɗan kwikwiyo a hannun wani manomi, na ba shi sefa 2,000. Ya ce satinsa shida, uwarsa kuma ko kura ba ta tsoro. Abin da ya ja hankalina cikinsa ne: tulu guda, ga shi tim. Na ce wannan ƙosasshe ne, daga gani gidan wadata ya fito. A hanya na raɗa masa suna Kwamanda, don ɓarayin Garwa su san an canja gwamnati.

Dare na uku Kwamanda ya fara aiki, amma ba aikin da na ɗauke shi ba. Na fito da asuba zan tafi masallaci, na zura ƙafa a takalmi, na ji abin da ban ajiye ba. Da gari ya waye muka ga ya zagaye tsakar gida kaf, daga bakin rijiya har gindin dalbejiya, kamar mai auna fili zai sayar. Uwargida ba ta ce uffan ba. Bokiti ta ɗauko da tsintsiya ta dire a gabana, ta koma ɗaki.

Kafin azahar unguwa ta cika da likitoci. Wani ya ce jar kanwa. Wani ya ce a jiƙa masa sabara. Mai shagon bakin titi ya ce kafsol ɗin nan ja da rawaya, wanda a wurinsa yake maganin komai, daga ciwon haƙori har mutuwar aure. Maƙwabcina kuwa ya rantse cewa sai an yanke wa kare kunne cikinsa yake zama. Na tambaye shi ina haɗin kunne da hanji, ya ce ni dai na cika boko.

Na sa shi a kwalin sabulu na nufi likitan dabbobi. Ku sani Garwa ba ƙaramin gari ba ne a harkar lafiyar dabba, don a Bokle, nan bayan gari, LANAVET take, inda ake haɗa alluran rigakafin shanu da awaki. Saboda haka layin da na tarar na manyan mutane ne, Fulani masu garke, kowa da sandarsa, ana zancen bijimai. Wani dattijo ya dube ni da mutunci ya ce, "Alhaji, shanu nawa ne suka kwanta maka?" Daidai nan kwalin ya yi kuka.

Likitan ya ɗora shi a sikeli, kilo 2 ne da ɗan ɗoriya. Ya ɗaga leɓensa ya duba dasashi, ya tsunkuli fatar wuyansa ya saki, ya ce in fatar ta koma nan take to da sauran ruwa a jiki, in ta tsaya cirko-cirko to gudawa ta tsotse shi, sai ƙarin ruwa. Sannan ya danna tulun cikin nan da nake alfahari da shi.

"Malam, wannan ba ƙoshi ba ne. Tsutsa ce."

Ya ce yawancin ƴan kwikwiyo da tsutsarsu ake haifarsu, tun suna ciki take ratsowa daga uwar, wata kuma ta biyo nono. Shi ya sa ake fara ba su magani tun suna sati biyu, a riƙa maimaitawa duk bayan sati biyu har su tasa, kuma da nauyin kare ake auna maganin, ba da ido ba. Ya tambaye ni ko akwai jini a kashin, ko yana amai, ko ya daina cin abinci. Na ce cin abinci kam ko ni ban kai shi ba. Ya ce to alhamdu lillahi, abin da yake tsoro shi ne farbo, cutar da ta ɓulla a karnukan duniya a 1978, mai kashe ɗan kwikwiyo cikin ƴan kwanaki, ƙwayarta kuma ta yi watanni a ƙasa ba ta mutu ba. Ya ce in ya warke in dawo da shi rigakafi, a maimaita bayan sati uku zuwa huɗu har ya kai wata huɗu, allurar haukan kare kuma in ya cika wata uku. Ya ce yara su riƙa wanke hannu don tsutsar tana kama mutum, tsakar gida a wanke da ruwan javel, wato bilic mai kashe ƙwayoyin cuta, ludayi 1 a ludayi 30 na ruwa. Ya kuma gargaɗe ni kada in kuskura in ba shi maganin ciwon kai na mutane. Ya buɗe masa kati, da sunansa a sama, nawa a ƙasa. Ni da nake da shekara 44 ba ni da katin asibiti mai kyan nasa.

Washegarin shan magani abin da ya fito ba zan siffanta ba, illa dai har yau taliya ba ta shiga bakina.

Ya warke. Kwana tara gida lafiya, har uwargida ta fara ce masa "ɗan banza" da murya mai taushi. A kwana na goma aka koma gidan jiya. Aka sake magani, ya warke, bayan sati ya sake ɓallewa. Na zama mai gadin mai gadi: ƙarfe biyun dare ina tsugune da tocila ina leƙen abin da ya ajiye, ina tantance kala kamar mai sayen atamfa. Sabon ragon da na saya yana daga turke yana kallona yana tuƙa.

A karo na uku likita ya ce in kawo masa samfur, sabo, na safiyar ranar, zai duba a madubinsa ko akwai ƙananan ƙwayoyin da ido ba ya gani. Na samo gwangwanin tumatir, na yi abin da ya wajaba, na naɗe da leda, na ƙara wata, na ga har yanzu da magana, na sa a leda ta uku mai zanen furanni wadda uwargida ta samo a gidan biki. Zafin Afrilu ne, irin wanda ma'auni ke haura 40, ko iskar Binuwai ba ta kawo agaji. Mashin ɗina kuma ya zaɓi ranar ya ƙi tashi, na taka zuwa bakin titi.

Ina tsaye sai ga surukina ya fito daga wani shago.

Babu hanyar gudu. Na cire takalmi na durƙusa, leda a hannu. Mun gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi jikoki ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, ya tambayi aiki, ya tambayi zafi, ya koma kan iyali. Rana tana dukan ledar, ledar tana ramawa a kanmu. Na ga hancinsa ya motsa.

"Me ka riƙo mana haka, an naɗe da kyau?"

Da na ce kashin kare ne, da na faɗi gaskiya, amma da wane ido zan sake zama a zaurensa? Mutumin da ya ba ni ƴarsa yana ganin ya ba malami? Bakina ya riga hankalina. Na ce, "Daddawa ce, Baba."

Ya matso, ya ja numfashi, ya lumshe ido. Ya ce, "Kai! Wannan ta nuna. Rabon da in ji mai ƙarfin wannan tun ta wajen kakata. Ɗan gutsura wa Hajiya mana."

Na ce amana ce, Baba, ta mutane ce, a ƙirge take, amma in Allah ya yarda zan kawo musu tasu. Mai mashin na farko da ya tsaya na ɗare ba ciniki. Shi ma muna tafe yana waiwaye, har ya tambaye ni ko lafiyata ƙalau.

Likita ya duba ya ce tsutsa ta tafi, bai kuma ga wata ƙwaya ba. Ya cire tabarau ya ce, "To me karen nan yake ci?" Na ce tuwo da ɗan romo, kamar yadda ya ce. Ya ce in koma gida in bincika, akwai mai ciyar da shi a ɓoye.

Da daddare na kafa kotu a tsakar gida. Autana ya fara amsa laifi: kullum da safe suna raba burodi da cakulan. Yayarsa ta ce ita ƙashin kifi kawai take ba shi. Inna, mahaifiyata, wadda ta rantse ba za ta ko kalli karen ba, ta ce ita dai ba za ta sha kunun gyaɗa wata halitta tana zuba mata ido ba. Uwargida ta ce sauran miya take juye masa, da albasarta da tattasanta, don zubarwa almubazzaranci ne. Na tashi tsaye na yi huɗuba. Na faɗa musu abin da likita ya ce, cewa albasa tana lalata jinin kare, cakulan guba ce a gare shi, ƙashi yana iya tsaga hanji, yaji da maiƙo kuwa su ne ke wanke masa ciki. Na ce gidan nan an haɗa baki za a kashe mini dabba.

Sai da na gama tsaf uwargida ta ce, "Malam, madarar da Bafulatana take kawowa da sassafe, wadda ka ce ta shayinka ce, wa yake sha? Tunda kai shayinka baƙi ne."

Tsakar gida ta yi tsit. Ni ne nake ba shi, rabin kwano kullum bayan asuba, don ya yi ƙarfi ya kama ɓarawo. In ya kwanta ciwo in tsayar, in ya warke in ce to bari a mayar da abin da aka rasa, in ƙara masa. Da na kira likita na faɗa masa, sai da ya yi dariya ta ishe shi, sannan ya ce kare in an yaye shi cikinsa yana rage narkar da sukarin da ke cikin madara, ta shanu kuwa wucewa take yi da gudu. Ban ga amfanin in ambaci ragowar tsiren da nake kawo masa daga bakin kasuwa ba, tunda ba a tambaye ni ba.

Hukuncin da ya yanke: shinkafa dafaffiya luguf da tsokar kaza, ba mai ba gishiri ba yaji, kaɗan-kaɗan sau huɗu a rana na ƴan kwanaki, da ruwa mai tsabta, kuma mutum ɗaya ne zai riƙa ba shi. Na shigo da kaza a hannu. Uwargida ta dubi kazar, ta dube ni.

"Haihuwa huɗu na yi a gidan nan, Malam. Kaza nawa ka yanka mini?"

Na koma kasuwa na sayo ta biyu.

Yanzu Kwamanda wata bakwai, ya gama alluransa, cikinsa ya zauna, kunnuwansa biyu suna nan. Ɓarawo dai bai zo ba tukuna, amma ya yi wa mai karanta mitar wuta haushi sau biyu, ya kuma gudu ya ɓuya a bayan rago ranar da agwagwar maƙwabta ta shigo.

Alkawarin Baba kuwa na cika. Na shiga babbar kasuwa na zaɓi daddawa mafi tsada, ta sefa 1,500, na sa a leda mai furanni na aika da yaro. Da yamma ya dawo da saƙo. Wai Baba ya ce an gode, Allah ya yi albarka, amma wannan ba ta kama ƙafar ta ranar nan ba, in daure in nemo musu mai waccan.