Tsatsar bindigar ɗuri, daga Ohayo zuwa gida

Kawuna maharbi ne a wani ƙauye kudu da Zariya. Ina yaro, ni ke riƙe masa fitila idan ya dawo daga daji, don ba ya taɓa tuwo sai ya wanke harbi-ka-rugarsa da ruwan zafi, ya zura tsumma, ya shafe cikinta da man gyaɗa. Da na zo jihar Ohayo a Amurka, sai na tarar ashe su ma har yau suna farauta da bindigar da ake ɗura wa albarushi ta baki. Har kwana huɗu ake ware mata a watan Janairu don harbin barewa.

Sai dai tasu ba irin ta kawu ba ce. Tun da wani maƙerin bindiga mai suna Tony Knight ya fito da samfurin bindigar ɗuri MK-85 a 1985, wutar da ke kunna albarushi ta bar gefen bututu ta koma daidai bayan albarushin. Yanzu kamfanoni irin su CVA da Traditions na ƙera su da ƙarfe mai jure tsatsa, da madubin saiti, da toshiyar gindi da ake warwarewa a leƙa bututun tun daga baya har baki. Kawu bai taɓa ganin cikin tasa ba.

To amma ni a ganina wannan kyan ne ke yaudarar masu ita. Albarushi, ko na gargajiya ko madadinsa irin Pyrodex, yana barin toka mai gishiri da ke jawo danshi. Ka yi harbi cikin sanyi, ka shigo da bindiga ɗaki mai ɗumi, sai ta yi gumi, gumin ya haɗu da tokar. Kafin ka ankara cikin bututu ya fara ramuka, kuma ramin tsatsa ba ya cikowa. Wani abokin aikina ya jingine tasa daga Janairu har kaka, wai ai ƙarfenta ba ya tsatsa. Da muka zo warware toshiyar, ta kafe ƙam, sai da aka kai wa mai gyara. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ɗan maiko a zaren toshiyar da wankin rabin awa sun isa su hana hakan.

Harbi kansa ba ya cinye irin wannan bindiga da wuri. Ƙaramar kafar da wuta ke bi a cikin toshiya ce ke faɗaɗa a hankali, sai a sayi sabuwa. Sandar ɗuri kuma tana goge leɓen bututu idan ana zura ta a karkace, saiti ya lalace.

Inda suka fi mu, ba na musu, shi ne awo. Suna da ma'aunin albarushi, ba tafin hannu ba. Suna kuma yi wa sandar ɗuri alama, da an zura ta a san ko bindiga a ɗure take, ko harsashi bai zauna kan albarushi ba. Wannan giɓin tsakanin harsashi da albarushi, da kuma ɗuri a kan ɗuri, su ne ke kumbura bututu ko su fasa shi. Duk lokacin da na ga bidiyon 'yan bindiga a hawan Sallah, hayaƙi ya turnuƙe, alamar nan nake tunawa. Bara da na kira ɗan kawu, wanda bindigar ke hannunsa yanzu, ban ajiye waya ba sai da ya ɗauko wuƙa ya yi wa sandar tsaga.