Ɗan Ina Ne Kai?

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

In ka shiga motar haya ta doguwar tafiya, da an gama gaisawa da na kusa da kai, tambayar da ke biyowa sananniya ce: "Malam, daga ina?" In ka ce Argungu, ya ɗauka ka san ruwa. In ka ce Jega, ya sa ka a layin 'yan kasuwa. In ka ce Wudil, hirar shanu za ta tashi. Wani lokaci ya dace, wani lokaci zato ne kawai. Amma dubi sunayen manyanmu: Tafawa Ɓalewa, Shagari, Gumi. Sardauna kansa da Ahmadu Rabah aka san shi a makaranta. Malaman hadisi ma haka suke: Buhari mutumin Buhara ne, Tirmizi na Tirmiz, Nasa'i na Nasa. Mutum ya mutu shekara dubu, sunan garinsu yana manne da nasa.

Zan fara da tona asirin kaina, don kada a ce mai wa'azi ya tsallake kansa. Ni ɗan wani ƙauye ne a ƙasar Sakkwato. Da na zo birni aiki, abin da na fara yaƙa shi ne harshena. Sau ɗaya na ce "mi kaka so?" a ofis aka kwashe da dariya, daga ranar na ɗaure bakina. In Inna ta kira ni a waya, sai in tashi in fita har bakin ƙofa, don kada a ji ina cewa "lahiya lau, Inna." Na yi shekaru a haka. Da kaina na yanke sunan ƙauyenmu daga bayan sunana a takardun aiki. Astagfirullah. Ba wanda ya tilasta ni, kunya ce ta banza.

Abin mamaki kuwa, abin da ya riƙe ni a wannan aikin daga can ƙauyen ya fito. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, mai awon hatsi ne a kasuwar mako. Tun ban kai tsawon buhu ba nake zama gefensa ina riƙe wa masu saye bakin jaka. Yakan cika kwano har ya yi tozo, ya tare da tafin hannu ya juye, sannan ya ƙara ɗan dintsi a kai. Akwai masu awo a layin da suke dukan gindin kwanonsu da dutse ya lotsa ciki, kowa ya san su. Shi kuwa da safe, kafin ya zuba ƙwaya ɗaya, sai ya kifa kwanon ya shafa gindinsa a gaban mutane. Bai taɓa zaunar da ni ya yi mini tafsirin "Wailul lil muɗaffifina" ba. Da na isa wurin a allo, malam yana fassara mana cewa azaba ta tabbata ga masu tauye mudu, sai na ji kamar labarin layinmu ake ba ni.

Yau ni ke riƙe da sito a wurin aikina. Kaya su shigo in ƙirga, su fita in ƙirga. Ranar da wani mai kawo kaya ya sauke katan tamanin ya ce in sa hannu a kan ɗari, "kowa zai samu nasa," ba wani darasin makaranta ne ya faɗo mini a rai ba. Hannun tsohon nan na gani yana shafa gindin kwano. Ban yi masa wa'azi ba, na dai ce hannuna ba zai iya ba. Ya tafi yana cewa baƙauye ne. A karon farko kalmar ta yi mini daɗi.

To, mu bar ni, mu je ga wanda ya fi cancanta a ba da labarinsa, wato Imamu Malik ɗan Anas, wanda mafi yawanmu a ƙasar nan da mazhabarsa muka koyi alwala.

An haife shi a Madina wajen shekara ta 93 bayan Hijira, ya rasu a cikinta a shekara ta 179, aka binne shi a Baƙi'a. Asalin danginsa mutanen Yaman ne. Kakansa Malik ɗan Abu Amir yana cikin manyan tabi'ai, baffansa Abu Suhail mai ruwaito hadisi ne, mahaifinsa kuwa sana'ar yin kibau yake yi. Gida ne da ake hirar ilimi a kan tabarma. Amma kada ka ɗauka yaron da littafi a hannu ya faɗo duniya. Malaman tarihi sun kawo cewa wata rana mahaifin ya jefa musu tambaya shi da ɗan'uwansa Nadru. Nadru ya amsa daidai, Malik ya kuskure. Sai uban ya ce masa, "Tattabaru sun shagaltar da kai daga neman ilimi." Ashe Limamin Madina ma ya yi kiwon tattabaru. Maganar ta yi masa zafi, ya tafi ya lazimci Ibnu Hurmuz shekara bakwai. Har dabino yake ɗurawa a hannun riga ya ba yaran gidan malamin, ya ce in wani ya zo neman Shehi su ce yana da uzuri, don ya samu malamin shi kaɗai. A da ana ce masa "Malik ɗan'uwan Nadru." Ba a daɗe ba aka koma cewa "Nadru ɗan'uwan Malik."

Sai kuma mahaifiyarsa. Nan ne nake so iyaye mata su tsaya su karanta a hankali. Ranar da ya ce mata zai je ya rubuta ilimi, ba ta ce "Allah Ya ba da sa'a" ta ci gaba da aikinta ba. Ta kira shi ta sa masa tufafin ɗalibai, ta naɗa masa rawani da hannunta, sannan ta ce ya tafi wajen Rabi'a, ya koyi ladabinsa kafin iliminsa. Ladabi kafin ilimi. Mutumin da aka naɗa wa rawanin nan shi ne daga baya ba ya karantar da hadisi sai ya yi alwala, ya sa tufafi masu kyau, ya shafa turare, ya zauna da natsuwa. Shi ne wanda ba ya hawa dabba a cikin Madina, don yana jin nauyin ya taka da kofato ƙasar da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yake kwance a cikinta. Wannan ba a zauren Rabi'a kaɗai ya samo shi ba, daga ɗakin uwa aka fara.

Garin ma ya yi nasa aikin. Malik ya taso a titunan da 'ya'ya da jikokin Muhajirai da Ansar suke tafiya. Kiran sallar da yake ji, a masallacin da Bilal ya yi kira ake yin sa. Mudun da ake auna zakkar fidda kai da shi, an gaje shi hannu da hannu tun zamanin Annabi. Yakan fita da tsakar rana ya jira Nafi'u, bawan da Abdullahi ɗan Umar ya 'yanta, ya bi shi yana tambayarsa abin da Ibnu Umar ya ce. Saboda haka da ya zama mai fatawa, sai ya riƙi aikin mutanen Madina a matsayin hujja, har ya rubuta wa Laisu ɗan Sa'ad, malamin Masar, wasiƙa a kan haka, Laisu kuma ya mayar masa da amsa cikin ladabi yana saɓa masa. Bai bar Madina ba sai don aikin Hajji. Ka ga yadda gari ya shiga har cikin hanyar tunanin mutum. Daga can karatun ya bi ta Ƙairawan da Andalus, ya ƙetare Sahara, Shehu Magili ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, har ya iso zauren da ni da kai muka durƙusa a ciki. Rawanin da wata uwa ta naɗa a Madina, inuwarsa ta kai ƙauyenmu.

Shafi'i ma uwa ce ta ɗauke shi daga Gaza, inda aka haife shi a shekara ta 150, ta kai shi Makka yana ɗan shekara biyu, maraya, don ya tashi cikin danginsa. Ta zaɓa masa gari, kuma zaɓin ya yi albarka.

Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce kowane jariri a kan fiɗira ake haihuwarsa, iyayensa ne suke mayar da shi Bayahude ko Banasare ko Bamajushe. Buhari da Muslim suka ruwaito. In gida yana iya juya addinin yaro, to me zai hana ya juya gaskiyarsa, da yadda yake kallon kuɗi, da irin sana'ar da zai ga ta dace da shi? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Son gari kuwa ba laifi ba ne. Maganar nan da ake yawan yaɗawa, "son ƙasa yana cikin imani," ba hadisi ba ce, don Allah a daina jingina ta ga Annabi. Ba ma buƙatarta, ingantattu sun ishe mu. Ya tsaya ya ce wa Makka ita ce mafi soyuwar ƙasar Allah a wurin Allah, kuma ba don an fitar da shi ba da bai fita ba. Bilal da zazzaɓin Madina ya kama shi, baitoci ya riƙa rerawa yana begen kwarin Makka da ciyawarta da ruwan Majanna. Annabi bai tsawata masa ba, addu'a ya yi: Allah Ka sa mana son Madina kamar yadda muke son Makka ko fiye.

Sai dai a nan Shaiɗan yake da wata ƙofa. Wanda ya tsira daga kunyar asali, sau da yawa sai ya faɗa alfahari da shi. "Mu 'yan cikin ganuwa ne." "Gidanmu gidan malamai ne." "Ai su wane maƙera ne, ba ma ba su aure." Subhanallah. Abu Lahabi ɗan Makka ne, Baƙuraishe, baffan Annabi. Salmanu kuwa a Farisa ya tashi, a gidan da aka ɗora shi kan kula da wutar bauta don kada ta mutu. Wa ya tsira a cikinsu? Salmanun nan ne Abud Darda'i ya rubuta masa cewa ya taho ƙasa mai tsarki, wato Sham, shi kuma ya amsa masa da cewa ƙasa ba ta tsarkake kowa, aikin mutum ne yake tsarkake shi. Malik da kansa ya kawo wannan a littafinsa Muwaɗɗa, shi da ya fi kowa son garinsu. Kuma da halifa Abu Ja'afar Mansur ya so ya ɗora wa dukkan garuruwan Musulmi wannan littafi, Malik ya hana shi, ya ce kowane gari akwai abin da ya riga ya isa gare su suka yi aiki da shi, a bar mutane. Allah Ya ce Ya sanya mu dangogi da ƙabilu don mu san juna, mafi daraja a wurinSa shi ne mafi taƙawa.

Ba duk abin da aka gada ake riƙewa ba. A ƙauyenmu na gaji kwanon babana, na kuma tarar da hana mata gadon gona da gabar da ba wanda ya san mafarinta. Wanda ya tashi a gidan da ake zagi da duka, ko unguwar da shaye-shaye ya cinye, kada ya ce shi ke nan an rubuta. Mutumin da ya kashe rai ɗari, da ya nemi tuba, malamin cewa ya yi ya bar garinsu domin mugun wuri ne, ya koma inda ake bauta wa Allah. Ya mutu a hanya, rahama ta same shi.

Abin da ke hana ni barci shi ne wannan. Mu da muka baro ƙauye, 'ya'yanmu ba su da wani ƙauye sai ɗakin hayar da muke ciki. Mu ne Madinarsu ko akasinta. Ɗana yana zaune gefena kamar yadda na zauna gefen buhu, sai dai shi ba kwano yake kallo ba. Yana jin na ɗaga waya na ce "ina hanya" alhali ina kwance. Yana ganin an kira salla na ce bari in ƙarasa kallon wannan. Muna biyan kuɗin Islamiyya muna ganin mun sauke nauyi, alhali malamin awa biyu yake da shi, sauran awannin namu ne.

Sahabi Malik ɗan Huwairis ya ce sun zo wurin Annabi su matasa sa'o'in juna, suka kwana ashirin. Da ya ga sun yi kewar gida, sai ya tambaye su waɗanda suka baro, sannan ya ce su koma wurin iyalansu, su zauna cikinsu, su koyar da su. Ni wannan hadisin ne ya sa bara da Babbar Salla na kwashi yaran muka tafi gida, bayan shekara huɗu ina aika kuɗi ta waya ina kiran hakan zumunci.

Kwanon yana nan a ɗakin Inna, da shi take auna geron fura. Bakinsa ya cinye, fentin ya goge. Na kifa shi na ba babban ɗana na ce ya shafa gindin. Ya shafa, ya ɗago ya ce, "Baba, ba komai a wurin." Inna ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Ai shi ya sa."

Wanda ya karanta har nan, don Allah ya sa mahaifina a addu'a, tare da nasa iyayen. Rabbir hamhuma kama rabbayani sagira.